Ɗumin da Ke Sauka Gareji

Bergen, Oktoba

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya kuma gwiwoyin? Tunda kunnenka ya ƙi waya, sai mu ci gaba da takarda.

Na yi magana da Lucjan magini, zai kawo maka audugar dutse cikin makon nan. Dutse ne na gaske ake narkawa a mayar da shi kamar auduga, a matse shi falle-falle. Za su manna ta a silin gareji da na ɗakin ƙasa, daidai ƙarƙashin falo da ɗakin kwananka. Bara da na zo, safa biyu nake sawa, amma ƙafata kamar ina tsaye a cikin rafi. Likita ma ya ce sanyin daɓen nan ne ke tayar maka da tari. Kai dai ka buɗe musu ƙofa kawai.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka, Jola

Sejny, Nuwamba

Jola,

Na samu takardarki, ina lafiya, ina fata ke ma haka.

An kawo kayan, suna bayan gida an rufe da tamfol. Na taɓa ɗaya, hannuna ya wuni yana ƙaiƙayi. Na ce wa Lucjan ya dakata. Idan aka manna, silin zai sauko da kusan taƙi guda, mota ba za ta shiga ba. Sannan na tambaye shi yadda garejin zai kasance in an gama. Ya ce zai fi yanzu sanyi sosai, don ɗumin da ke zurarewa daga falo shi ke riƙe da shi. Dankalina zai daskare. A bari sai sanyi ya wuce.

Ki riƙa cin abinci.

Babanki, Zenon

Bergen, Nuwamba

Gwaggo Regina,

Ina gaishe ki da kyau, ya ƙarfin jiki?

Gwaggo, ƙanen nan naki ya ɗaure mini kai. Wai mota ba za ta shiga gareji ba. Wace motar? Tun rasuwar Mama ya bayar da ita. Dankali kuwa, ke da kanki kika rubuto mini cewa bana bai shuka ba. Mutumin da ko allura ba ya bari ta ɓata, shi ne yau yake so ɗumin gidansa ya riƙa zuba a ƙasa? Tagarki tana kallon ƙofarsa. Don Allah ki sa mini ido a kansa. In ma mace ya samu yake jin kunya, ni murna zan yi.

Ki huta lafiya.

'Yarki, Jola

Sejny, Disamba

'Yata Jola,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiki da sauƙi, sai bayan nan da ba ya jin magana.

Kin san ni ba mai leƙen gidan mutane ba ce, amma tunda kin roƙa, na matsar da kujerata kusa da taga. Mace dai babu, wa za ta ɗauki Zenon da wannan taurin kai? Sai dai ga abin da na gani. Burodi biyu yake saye yanzu. Ran nan ya shanya wando a igiya, wandon da in ya sa sai ya naɗe ƙafar sau uku. An kuma manna jarida a ƙaramar tagar gareji daga ciki.

Na shiga gidan da tukunyar miyar kabeji, sai na tarar ya naɗe dardumomin falo duka ya jingine a bango, yana zaune da takalmin sanyi a kan katako tsirara. Na ce, "Zenon, ƙaura za ka yi?" Ya ce asu ne ya shiga dardumar. Na ce, "Asu a wannan sanyin? To ni bari in sauka ɗakin ƙasa in ɗebo kokwamba mai tsami." Sai ya tsaya a bakin matakala ya ce ta ƙare. Shi da ba ya jin ƙararrawar coci, ranar ya ji ni sarai.

Abin yana cina kamar yadda yake cinki. A gidansa zan ci abincin jajiberin Kirsimeti, zan ga ƙarshensa.

Allah ya tsare mini ke.

Gwaggonki, Regina

Sejny, bayan Kirsimeti

Jola,

Barka da Kirsimeti. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mun zauna mu biyu, ga kifi, ga miya, ga farantin da ake ajiye wa baƙo bisa al'ada, babu kowa a gabansa. Muna gama addu'a sai babanki ya ɗauki farantin nan ya cika shi, ya dube ni ya ce, "Regina, in za ki biyo ni ki biyo, na gaji da ganin hancinki a taga."

Waldek ne, Jola. Tsohon mijinki. Yana zaune a kan gadon ƙarfe a lungun gareji, daidai ƙarƙashin murhun falo, ya lulluɓa da bargon babanki. Ya rame har sai da na dube shi sau biyu. Ya miƙe da sanda ya ce, "Gwaggo, ina wuni?" kamar jiya muka rabu. Na ce, "Ni ba gwaggonka ba ce." Ya ce, "Haka ne." Daga nan na zauna a kan bokiti ina kallonsa yana cin kifi. Wurin tsaf, ya jera kayan aikin Zenon a bango. Na shinshina sosai, ban ji warin giya ba.

Ban manta daren da kika zo mini da kumburarren ido ba, kuma na faɗa masa haka a gaban babanki. Bai musa ba. Sauran bayani Zenon ya ce shi zai yi miki.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggonki, Regina

Sejny, Janairu

Jola,

Ina gaishe ki. Regina ta riga ni, to ga sauran.

A tashar mota na gan shi farkon kaka. An sallamo shi daga asibiti, sanyin bara ya cinye masa yatsun ƙafa, ba shi da inda za shi. Na wuce shi har na kai kantin magani, sannan na dawo. Ban yafe masa abin da ya yi miki ba. Amma na san uwarsa, kuma na san abin da Janairu ke yi wa mai kwana a waje.

Na ce ya hau sama, ya ƙi. Ya ce gidan nan naki ne, ba zai taka matakalar ba sai da yardarki, kuma ba shi da fuskar tambayarki. Na sa masa hita, wayar garejin ta tsufa, ta fara ƙauri, na cire. Shi ya sa na kwashe dardumomi, don ɗumin falo ya riƙa sauka masa.

Tun da ya ji tarina ya ƙaru yake damuna. Ya ce audugar nan aikinsa ne a da, ya san gam ɗin, ya san ƙusoshin, zai manna mini ita da hannunsa sannan ya tafi. Na ce, "Ka tafi ina?" Ya ce zai samu wuri. Jiya na tarar ya jawo ɗauri biyu na audugar ciki, ya hau tsani yana gwada silin da abin awo. Na ƙwace tsanin na kulle a rumfar itace.

In an manna, ba mai iya kwana a ƙasa. In ba a manna ba, kin san yadda ƙirjina yake. Abin da kika ce shi za a yi, ba zan ga laifinki ba ko wanne ne.

Babanki, Zenon

Bergen, Janairu

Baba,

Na gaishe ka. Na daɗe kafin in iya ɗaukar biro.

Ka kira Lucjan ya yi aikin, mai sanda ba zai hau tsani a gidanmu ba. Waldek ya koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin har sanyi ya wuce. Ɗakina a bar shi a kulle. Kada ya rubuto mini, kuma wannan ba yafiya ba ce, ka faɗa masa haka.

Abu ɗaya nake so in sani. Da gaske ya daina sha? Kada ka gaya mini abin da ya ce, ka gaya mini abin da ka gani.

Allah ya ba ka lafiya.

'Yarka, Jola