Sanda a Kafaɗar Eudy

Asabar, 1 ga Maris
Yau ma a wasan besbol ɗana Eudy bai motsa sandar dukan ƙwallo ba. Jifa uku suka wuce shi yana tsaye ƙiƙam, alƙalin wasa ya fitar da shi. Duk garin San Pedro babu yaro mai ladabinsa, shekararsa goma sha ɗaya bai taɓa mayar mini da magana ba, amma a filin besbol sai ka ce an ɗaure masa hannu. Na faɗa masa a hanya: abin da mutum zai yi, ya yi shi daidai ko ya bari.

Talata, 4 ga Maris
Don Temo, kocinsu, ya tare ni a bakin kanti. Wai in Eudy bai fara kai duka ba kafin wasan ƙarshen wata, wani yaron za a ba gurbinsa. Na ce tsoron ƙwallo ne, zan yi masa faɗa. Ya ce, "Doña Fior, ba ƙwallo yake tsoro ba. Kafin kowane jifa, inda kike zaune yake kallo." Mutumin da ko rigarsa ba ya gogewa.

Alhamis, 6 ga Maris
Wai Don Temo ya ba da aikin gida: kullum da yamma a jefa masa murafen gorar ruwa, ya kai duka da sandar tsintsiya iya ƙarfinsa, ya kuskure son ransa. A koya wa yaro kuskure da gangan. Ubansa yana can Nueva York, a Amurka, dole ni zan jefa.

Juma'a, 7 ga Maris
Na gyara masa tsayuwa, na gyara gwiwar hannu, na gyara kai. Ya ajiye sandar, wai cikinsa ke ciwo.

Litinin, 10 ga Maris
Don Temo ya aiko: in jefa kawai, in yi shiru. Rashin kunya.

Laraba, 12 ga Maris
Na jefa, na cije leɓe. Ya kuskure, ya dube ni. Na sake jefawa. Ya kuskure, ya dube ni. Can ya kai wani wawan duka har ya juya ya faɗi zaune cikin kwandon wankina. Ya yi ta dariya. Ban san rabon da in ji wannan dariyar ba. Kayan dai sai da aka sake wanke su.

Asabar, 29 ga Maris
Yau aka yi wasan. Jifa biyun farko ya kuskure, har hularsa ta faɗi. Na uku ya taɓa ƙwallon ta gangara kaɗan, ya ruga, amma aka riga shi isa da ita zangon farko, aka fitar da shi. Don Temo ya ɗaga mini hannu daga nesa. Gurbinsa na nan.

Wajen cin abinci ya kifar da miyar wake a kan sabon mayafin tebur. Ya sandare. "Mami, yi haƙuri." Na miƙa masa tsumma, na ƙara masa shinkafa. Ban yi masa faɗa ba, amma ba wani abu ba ne, muryata ce ta dishe tun a filin wasa. Ban san dalili ba.