Inabina Ya Tashi Dafara

Zuwa ga Manajan Lambun Renon Dashe,
Hanyar Manga, Zuru.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata da duk itatuwan da ke ƙarƙashin kulawarka. Sunana Rifkatu, matar Kofur Ishaya, wanda yanzu haka yake aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita kewaye. Lambar wayar salula da ke jikin allonku kuwa, na buga ta a wurin mai lema da ke hayar waya har ya daina amsa gaisuwata, kullum a kashe. Shi ya sa na kawo kukana jarida, ko Allah zai sa ka gani kafin abin da ya rage mini ya ƙare.

Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ba na ɓoyewa. Da littafi arba'in da bakwai na shigo gidan miji, a akwatinsu daban. A cikinsu duk matar da mijinta ya dawo daga tafiya ba da tuwon dawa take tarbarsa ba. Inabi take wankewa, ta zuba a farantin tangaran, ta riƙa sa masa a baki ɗaya bayan ɗaya yana lumshe ido. Na ce a raina, mutumin da ya yi shekaru yana noman golmo, wato noman neman aure, a gonar mahaifina kafin a ba shi ni, ai ya cancanci a sa masa inabi a baki. Ga yadda abin ya kasance.

1. Damina uku da suka wuce na zo lambunka neman dashen gwaiba. A bangon ofis na ga kalanda mai hoton wata ƙasa ta bakin teku: duwatsu suna gangarowa har ruwa, an jera musu kurangar inabi kunya-kunya. Na tsaya ina kallo, domin duwatsun sak namu ne. Wani ma'aikacinka mai malafa ya matso ya ce ina da ido. Ya ce mutanen can ba sa kai loma baki sai da ruwan inabi a gefe, fari idan kifi za a ci, ja idan nama ne, kuma komai nasu da man zaitun da cuku. Ya ce inabin ma iri-iri ne, akwai na tudu mai ɗan tsami, akwai na kwari mai zaƙi, akwai wanda sai ya shekara a tulu yake nuna halinsa. Na ce to mu ba mu da teku. Ya ce ai inabi ba ya shan ruwan teku, kallonsa kawai yake yi. Ya shiga bayan lambu ya daɗe, ya fito da dashe shida a baƙar leda, biyu fari, biyu ja, biyu na tulu. Duka ganyensu iri ɗaya ne, amma ya ce sai sun girma suke rarrabewa. Na manta da gwaiba.

2. Filin da ya dace ɗaya ne a gidanmu, wato na bayan ɗakin surukata, Mama Saratu, inda take shuka yakuwa da kuɓewa. Mama ita ce mai ƙosan bakin tashar Mahuta, kuma tun ranar da na tare take yi wa akwatina kallon da ban gane ba sai daga baya. Ta ba ni filin da sharaɗi, a gaban Baba Audu, wan marigayi surukina: idan damina uku suka cika ba ta ga inabi ba, fili ya dawo, littattafai kuma su zama nata, domin takardar ƙunshin ƙosai ta yi wuya. Na amince ina dariya, saboda ina da kalanda a kaina da maganar ma'aikacinka a kunnena.

3. Ranka ya daɗe, na yi wa shukar nan hidimar da ban yi wa kaina ba. Na kewaye ta da zana saboda awaki da bakin mutane. Na kafa mata rumfar gora. Rani biyu cur ina ɗora bokiti huɗu safe, huɗu yamma, daga rijiyar da ke gangare. Kashin kajin maƙwabta ni na kwashe shi, har suna gode mini. Ita ma ba ta ba ni kunya ba: ta haye rumfa, ta haye zana, ta kama katangar bayi. Na rubuta wa Ishaya cewa ya daina yi mini labarin bakin teku, idan ya dawo zai tarar da nasa a bayan ɗakin Mama. Daɗi ya kwashe ni har na miƙe a taron zumuntar mata na yi alkawari cewa bana da ruwan inabi na gaskiya za a yi jibin Ubangiji a coci, a huta da zoɓo. An tafa mini. Wata ma ta yi guɗa.

4. A daminar nan shukar ta yi 'ya'ya, ƙanana baƙaƙe. Fari da ja da na tulu duk baƙi suka fito. Na ɗanɗana ɗaya na ji maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Amma ka yi mini adalci: a bariki na tashi, ban san ciyawar daji ba, inabi kuma ban taɓa sa shi a bakina ba. Littattafai sun ce ɗanɗanonsa yana ratsa jiki, na ce to wannan ce ratsawar. Na daka su har da 'yan rassan don kada albarka ta zube, na jiƙa, na tace, na kai wa matar Pasto kofi guda ta gwada. Baiwar Allah ta kurɓa, ta janye kofin, sai ga zare ya biyo shi tun daga leɓenta har tsawon kamu guda, kamar miyar ɗanyar kuɓewa. Ta yanke zaren da yatsa, ta haɗiye da ƙyar, ta ce: “'Yata, Ubangiji ya ga niyyarki. Amma bana mu ci gaba da zoɓon.”

5. Na dawo gida da sauran a jarka na nuna wa Mama, ina cewa wataƙila bai nuna ba ne. Ko kallon jarkar ba ta yi ba. Ta ce dafara ce, wadda ake jiƙa jijiyarta a kwaɓa da ƙasa a shafe rumbu, ga ta nan birjik a bayan dutse ko akuya ba ta kula ta. Na tambaye ta yaushe ta gane. Ta ce tun ganyen farko. Na ce, Mama, kina kallona rani biyu da bokiti a ka? Ta ce: “To, ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin dafarar da ta samu gata irin wannan ba. Na ce bari in ga iyakarta.” Washegari ta sare rabi ta shafe rumbunta. Yanzu rumbun yana ƙyalli, mata har daga Manga suna zuwa roƙon reshe, kuma a unguwa an daina ce mini amaryar soja, sai Rifkatu mai dafara.

6. Na kai ƙara wurin Baba Audu cewa sharaɗi bai hau kaina ba, tunda ba inabi aka ba ni ba balle a ce ya ƙi. Mama ta ce ita inabi aka ce za ta gani, kuma ba ta gani ba. Baba ya sha taba, sannan ya yanke: idan na kawo takarda daga hannunka, da hatimi, cewa kuskuren na lambu ne, littattafai sun tsira. Kafin takardar ta zo kuwa, Mama na da littafi ɗaya duk mako. Yau mako tara ke nan. Ba ta karatu, amma hannunta bai taɓa sauka a kan wanda na gaji da shi ba. Daga baya kuma take fara yaga, ta ce shafukan ƙarshe sun fi tsabta. Ran Asabar wani ɗan kabu-kabu, magidanci da furfurarsa, ya tsayar da ni a kasuwa yana tambaya ko yarinyar nan ta cikin takardar ƙosansa ta yafe wa likitan, domin rabonsa ya ƙare a daidai inda ta buɗe baki.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka, kuma ba kuɗina nake nema ba.

Na farko, takardar nan. Layi biyu sun isa, amma hatimin ya fito sosai, domin Baba Audu hatimi yake dubawa, ba rubutu ba. A kawo ta kafin Juma'a, ranar da Mama ke buɗe akwati. Saura talatin da takwas.

Na biyu, ka kira mai malafa ka tambaye shi abin da ya je yi a bayan lambu ranar nan har ya daɗe. Ban ce a kore shi ba. Mutumin da ya iya tsara magana haka, littafi ya kamata ya rubuta, kuma ni zan saya.

Na uku, a sauke kalandar nan, ko a rubuta a ƙasanta cewa nan ba Zuru ba ce.

Na huɗu, Ishaya zai dawo kafin Kirsimeti, kuma har yanzu bai san komai ba. A wasiƙarsa ta ƙarshe yana tambaya ko fari ya fi ja zaƙi. Idan kana da hanyar samun inabi na gaske, ko nono guda ne daga masu zuwa Zariya ko Jos, ka taimaka. Farantin tangaran ɗin yana nan a wanke. Zan so a kawo da kwana ɗaya a gaba, in ɗanɗana tukuna a gaban matar Pasto.

Allah ya ja zamaninka, ya sa albarka a lambunka, ya sa duk abin da aka dasa da sunanka ya tashi da sunan da aka raɗa masa. Idan kuma hanya ta bi da kai tashar Mahuta ka sayi ƙosai, ka duba takardar kafin ka yar. In ka ga inda wani matuƙin jirgi ya durƙusa a bakin teku da zobe a hannu, don Allah ka haɗo mini da takardar hatimin. Wannan littafin shi kaɗai ne ban kai ƙarshensa ba Mama ta ɗauka.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rifkatu, matar Kofur Ishaya,
Zuru.