Man Kaɗe a Rigar Nutso

Asabar, 3 ga Maris, 2007

Yau Baban Ummi ya shigo mana da wani sabon shirme. Wai rigar nutso, ya saya hannun wani Bature abokin aikinsu da zai bar Doha. Baƙa wuluk, sai igiyoyi ko ta ina, ga wani bututu yana reto a kafaɗa. Ya ce in ka danna maɓallin bututun iska ta shiga rigar ta ɗago ka, in ka sake shi ta tsaya. Juma'a zai shiga teku da ita, karon farko, shi da Alex ɗan Kafanchan da ya koya masa a kwamin iyo na otal.

Mutumin Gumel fa! Wanda ko a kududdufi bai taɓa wuce gwiwa ba. Mai gyaran AC ya zama kifi. Na ce masa, "Ba ruwana." Ya yi dariya, shi a ganinsa wasa nake.

Litinin, 5 ga Maris

Maɓallin yana maƙalewa. To madalla, an sayo matacciya.

Talata, 6 ga Maris

Na dawo daga kai Ummi makaranta na tarar ya baje bututun a kan farantin baƙina. Farantin da ko Ummi ba ta taɓa shi! Ƴan zobban roba ƙanana kamar na ɗaure kitso, wani siririn ƙarfe, duk ya jiƙa su a ruwan khal ɗina na girki, falo sai tsami yake. Yana goge gishiri da burushin haƙori, harshe a waje, kai ka ce tiyata yake.

Wai akwai man da ake shafa wa zobban, na musamman, a shagon masu nutso. Wai yau ba zai iya cunkoson hanya ba. Sai ya ɗauko man kaɗen da Inna ta aiko min. Ya narka a tafin hannu, ya shafe su tas. "Abin da ya gyara faso, Haulatu, roba ce za ta gagare shi?" Ya haɗa, ya danna, maɓalli ya dawo sumul. Sai washe baki yake yana jiran yabo. Na kwashe farantina na wuce kicin.

Laraba, 7 ga Maris

Phoebe, maƙwabciyarmu ta hawan ƙasa, ta hawo karɓar daddawa. Nas ce. Na ba ta labari don mu yi dariya, sai ta ƙi dariyar. Ta ce in maɓallin ya maƙale a ƙarƙashin ruwa, rigar cika za ta yi ta yi, ta harbo mutum sama da gudu, huhu ya fashe. Ta taɓa ganin wanda aka kawo haka, bai sake taka ƙafarsa ba. "Maman Ummi, ki yi masa magana."

Na ce babba ne da gemunsa. Ba ruwana.

Ita ma Phoebe da son tsorata mutane. Tuwo ya kama min a tukunya, kuma ba halina ba ne.

Alhamis, 8 ga Maris

Ya rataye abar a bayan ƙofar ɗaki, daidai saitin AC. Da safe ina shara na taɓa maɓallin, kawai don yana kan hanyata. Ya shige. Bai dawo ba. Na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona. Sai na buɗe gwangwanin man kaɗen, ya daskare gam kamar sabulu, kamar yadda yake yi kullum in ya ji sanyi. Kuma shi da bakinsa ya ce ruwan teku yanzu sanyi ƙarara.

Na kasa ƙarasa sharar, gaskiya. Haushi ne, ba wani abu ba.

Ni da na rantse ba zan sa baki ba. To ban sa ba. Na ɗauki tasi daga unguwarmu Bin Mahmud har shagon masu nutson, na ce wa ɗan Filifin da ke tsaron shagon man roba nake so. Ɗan mitsitsin abu kamar na kwalli. Na dawo na ajiye shi a kan farantin, da rigar a gefe, maɓallin a maƙale yadda yake.

Da ya shigo ya danna, ya sake dannawa. Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Ya sake bajewa, ya wanke man Inna da ruwan ɗumi, ya shafa wanda na sayo. Wani zobe ya faɗi ƙarƙashin kujera, da na bar shi sai ya kwana yana lalube, na ɗauko masa. Daga baya na ji shi a waya yana cewa, "Alex, zan kawo ka duba min kafin gobe." A'a, ashe an san hanyar masana.

Juma'a, 9 ga Maris

Mun bi su bakin teku a Mesa'id bayan an sauko daga masallaci. Don Ummi ta ga teku ne kawai.

Ya shiga da tulun iska a baya, yana tafiya kamar agwagwa, abin kunya a gaban mutane. Kafin ya nutse ya ɗago hannu. Ban ɗaga ba. Sai kumfa kawai, tana matsawa, tana matsawa, har na daina ganinta. Ban san me na karanta ba, na dai ji bakina ya bushe.

Can sai ga kansa ya ɓullo, a hankali, a hankali, kusa da na Alex. Ya cire abin bakinsa yana ihu wai ya ga wani kifi rawaya. Kifi! Shi ke nan abin da aka je nema.

Ya iso yana haki ya ce, "Haulatu, ba kin ce ba ruwanki ba?" Sai na duba ƙasa. Ashe ina tsaye a ciki har gwiwa, da takalmina, abaya ta jiƙe sharkaf.

Na ce masa zafi nake ji.