Farar Ɗamara ga Ummul-Khair

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Zaliha 'yar Iliasu mai goro, ta Zangon Salaga. Ina rubuta wannan da hannuna, da hantsi, kafin maganin asibiti ya fara yawo da ni. Hankalina yana jikina, Malam Mutaru limamin unguwarmu shaida ne. Wanda ya ce ciwo ya taɓa mini kai, ya zo ya faɗa ina da rai, ya ji amsa.

Zuwa gare ku ku uku: Abdul-Wahid a Yendi, Fawaz a Bawku, da ke Zuweira da ke kwana bayan bangona.

Likita ya faɗa mini abin da ya gani. Kada wani ya tashi a zaman makoki ya ce na tafi da murmushi. Ina fushi, domin ban gama koyarwa ba. Amma hukunci na Allah ne, na miƙa wuya.

Na ɗaya. Gida da gonar doya da kayan ɗaki, a raba yadda shari'a ta ce. Na san babu wasiyya ga magaji, na karanta tun kafin Abdul-Wahid ya iya tsarki, saboda haka kada ya wahalar da kansa wajen tuna mini.

Na biyu. Tsohon ɗakin goro na mahaifina, inda nake koyar da judo, na mai da shi wakafi ga 'ya'yan Zango, mata da maza. Bai kai sulusin abin da na bari ba. Ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a zuba doya a ciki ko da damina ta yi albarka. Zuweira ce za ta riƙe makulli.

Kwanakin nan, in magani ya kama ni bayan azahar, ɗakin nan nake gani yadda yake ina ƙarama: huhunan goro a jere, ganye a jiƙe, ƙamshi mai sanyi. Sai huhunan su buɗe, 'yan mata su fito cikin fararen riguna, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar auduga. Sai daɓen ya zama ruwan tafkin Makango, ɗakin yana tafiya kamar jirgin fito, Baba yana bakin ƙofa yana yayyafa wa goro ruwa bai ɗago kai ba. Ba na jin tsoro a wurin. Farkawa ce ke ba ni haushi.

Na uku, naka ne Fawaz. Kai kaɗai ne ka ƙi hawa shimfiɗar judo, kana ce mini, “Mma, kokawar masu rigar barci.” To 'ya'yanka za su tambaye ka me kakarsu ta yi da rayuwarta, kada ka ba su wannan amsar. Ga abin da za ka ce.

Judo daga Japan ta zo, sunan kuma yana nufin hanya mai taushi. Ba naushi, ba shuri. Mutum biyu ne, kowa da farar riga mai kauri da ɗamara, hannu ɗaya a wuyan rigar abokinsa, ɗaya a hannun riga. In ya turo ka, ka ja. In ya ja ka, ka bi shi. Ƙarfin da ya kawo, da shi za ka kayar da shi. Wanda ya shimfiɗa abokinsa a gadon baya, tsaf, ya ci. In ba a samu haka ba, sai a danne a ƙasa har alƙali ya ce ya isa. Ana gasarta a duniya, ana ba da lambobi, amma ni ba lamba ce ta kai ni ba. A kwalejin horon malamai a Tamale na ga wata malama 'yar firit, ba ta kai kafaɗata ba, ta ɗaga wani ƙato ta ajiye shi kamar mai sauke tulu. Ta miƙa masa hannu ya tashi yana dariya. Daga ranar na san akwai faɗan da ake gamawa ba a zama abokan gaba ba.

Sabon shiga farar ɗamara yake ɗaurawa. Ya yanke farce, mace ta cire 'yan kunne da allurar ɗankwali. Kuma ba a fara koya masa kayarwa. Faɗuwa ake fara koya masa: ya kafa haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ya lanƙwasa baya, ya daki shimfiɗa da hannu a miƙe don ƙasa ta sha zafin, ba ƙashinsa ba. Watanni yana faɗuwa. Iyaye sukan zo su ce, “Malama, mun kawo ta ta iya kare kanta, kullum sai ta dawo ta ce faɗuwa aka yi.” Nakan ce musu su duba kasuwa da damina, su ga wa ya fi karya mata, ɓarawo ko santsi.

Shimfiɗarmu buntun shinkafa ce da tampol a kai. Kowace shekara tana kwantawa. Kai da ke da motar albasa, sabon buntu a wuyanka yake. Wannan ne rabonka na judo, ba sai ka sa rigar barci ba.

Na huɗu. Wannan ne dalilin rubutun, sauran duk rakiya ce.

Akwai doka ɗaya da ban taɓa yafe wa kowa ba a ɗakin nan. In ka riƙe mutum ya ga ba shi da mafita, zai buga hannu sau biyu, a jikinka ko a shimfiɗa. Da ya buga, ka saki. Ba ka jira ya yi magana, wanda aka shaƙe ba ya magana. Ba ka ƙara matsawa kaɗan don ya ji a jikinsa. Da wannan dokar ce kawai mutum ke yarda ya ba ka wuyansa gobe.

Kun san abin da ya faru, amma zan rubuta don kada a sake masa kama bayan raina. A gasar Tamale ɗalibaina sun sunkuyar da kai ga abokan karawarsu, domin haka dokar gasa take. Hoton ya zaga wayoyi. Abdul-Wahid, ranar sunan ɗan Fawaz a Bawku, ka miƙe gaban surukai ka ce uwarka tana koya wa 'ya'yan Musulmi yi wa mutum ruku'u. Tambayarka tana da wuri, malamai sun yi magana a kanta, shi ya sa a ɗakina hannu muke sawa a ƙirji mu yi sallama, kuma ka sani, a nan ka koyi faɗuwa. Amma ka bar ɗakin uwarka ka kai maganar tsakar rumfa, mutane na cin tuwon zafi. Na ji zafi, har yanzu in na tuna sai na ji. Na yafe, duniya da lahira.

Zuweira, ke kuma tun ranar kika kama wuyan yayanki. Ba gaisuwa, ba waya. Da ƙaramar salla ya sa 'yarsa Ummul-Khair a motar Yendi, da ƙullin kayanta da farcenta a yanke, ta zo ta durƙusa ta ce, “Gwaggo, Baba ya ce ki koya mini.” Kika ce ta koma ta gaya wa ubanta nan gidan masu ruku'u ne. Ina kwance ina ji ta bango. Da ina da ƙafa, da kin ga abin da ya rage mini.

Ke da kike da baƙar ɗamara ta gwanaye, ba ki gane ba? Yayanki ba zai taɓa cewa ki yi haƙuri ba, ubanku ma bai iya ba. Mutumin da ya yi waccan maganar a gaban jama'a ya yanke wa 'yarsa farce ya aiko miki da ita. Ya buga, Zuweira. Kika ƙara matsawa. Yarinya ƙarama da ta yi haka a shimfiɗata, a waje take ƙare ranar.

Ki saki. Ban ce ki ce yana da gaskiya ba.

Na biyar. Farar ɗamarata ta farko, wadda ke ƙasan akwati, ta Ummul-Khair ce. Jika ce, ubanta na da rai, wasiyya ta halatta gare ta. Ta yi mata tsawo, a zagaya sau uku. Baƙar kuwa tana cikin gado, in kun ga dama ku yanka ta, maza kashi biyu-biyu.

Jiya na sake ganin ɗakin yana tafiya a kan ruwa. Wannan karon ni ce ake kayarwa, ban ga mai kayarwar ba, riƙonsa kawai na ji, mai kyau, ba mugunta. Ina ta sauka ban kai ƙasa ba. Na tuna na kafa haɓa. Na miƙa hannu ina jira.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Ya sa ku gama da duniya lafiya, ya tsare ku a hanyar Bawku da ta Yendi. Ku riƙa haɗuwa a gidan nan da babbar salla, ko kuna fushi, ku zo da fushin ku ci abinci. Kada ɗayanku ya ji labarin ɗan'uwansa a bakin direba.

Na sa Malam Mutaru ya kira Yendi. Ummul-Khair za ta sauka a motar Asabar. Zuweira, daga gadon nan na san dukan hannun kowace ɗaliba, na san mai tsoro, na san mai gaggawa. Akwai guda ɗaya da ban taɓa ji ba. Ki fara mata da faɗuwa ta baya, kusa da bangona, kafin azahar, lokacin da nake farke.