Baitin da 'Yan Haya Suka Bar Mana

Baban 'yan biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ya ƙafar nan taka, ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau. Yara suna gaishe ka, Mama kuma ta ce ka rage sukari a shayi, wai ta san halinka in ba mai ido a kanka. Tunda wayarku a wurin aikin gadar nan sai an hau tudu take kamawa, na ba direban kamfaninku wannan takarda, don maganar ba ta tsaye ba ce.

Ka nemi wuri ka zauna. Bahago yana hannuna, Bahago dai na ƙungiyar kiɗan 'Yan Haya, mai jita. Ran Litinin 'yarsa ta turo shi a keken marasa lafiya zuwa sashenmu na gashin ƙashi. Ɓarin jikinsa ya shanye, kuma na hagu ne, hannun da yake kaɗa jita da shi. Ya yi furfura, ya rame, amma yadda yake karkata kai kamar mai sauraron maƙwabta ta bango bai canza ba. Sai da na fita na tsaya bakin famfo na wanke fuska kafin na iya gaishe shi.

Tun ranar hankalina yana ɗakin saman nan na shagon tayoyi. Ka tuna matakalar ƙarfen da ke rawa in an taka, da warin roba, da tsofaffin katifun da suka jingina a tagogi don kada a kai ƙararsu? Da la'asar suke wasa ran Asabar, domin mai shagon yana kashe wuta in ya tashi. Ko sau ɗaya ba mu taɓa cika ɗakin ba. Siriri yana waƙa ido rufe, Anti tana rungume da babbar jitar nan ta bes da ta kusa fin ta tsawo, mai ganga kuwa sai ya karya sanda ya ci gaba da guntun. Ni ina kan akwatin lemo don in hango, kai kana riƙe da akwatin wai kada in faɗi. Har yau ban yarda akwatin nan yana rawa ba, malam.

Ba su da kamfani, ba su da uban gida. Kaset ɗaya tal suka yi, da kansu suka kwafa, Anti ta zana bangon da biro. Rediyo ya sa su sau ɗaya, mai gabatarwa ya yanke waƙar a tsakiya ya ce kiɗan rok hayaniya ce kawai. Waɗanda ko igiyar jita ba su iya ɗaurawa ba sun yi suna sun bar su. Abin yana ƙona min rai har gobe.

Ga damuwata. Hannun bai mutu ba, yatsun suna amsawa in na matsa, amma ya ƙi aiki da shi. In na sa masa ƙwallon roba a tafi, sai ya bar ta ta gangara ƙasa. 'Yarsa ta ce ya gaya mata ba wanda ya san sun taɓa yin kiɗa a duniya, to hannun na mene ne. Likita kuma ya ce in wata ya ƙare ba ci gaba, za a ba wani gurbinsa, don masu jira suna da yawa. In aka sallame shi a haka, yatsun za su ƙage, shi ke nan.

Ka rubuto min baitin ƙarshe na "Ƙusa a Bango". Ka san babu shi a kaset, sun bar wurin fili sai ganga, tunda mu 'yan kallo muke yin sa. Na yi ta lalube, layin farko kawai nake samu. Laifinka ne, da muryar nan taka da ke danne ta kowa.

Ka kula min da kanka. Gidan ya yi mana faɗi.

Taka,
Gajera

Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ruwan da aka ce yana damun ku ya lafa. Mu lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura, ta kuma warware. Amsarka ba ta iso ba, direban ya ce bai same ka a masauki ba.

Na yi garaje, na ɓata. Na kasa jira, na tono kaset ɗin daga ƙasan akwatin zannuwa, na aro rediyon maigadi, na kunna masa a ɗakin motsa jiki. A zatona zai yi murna. Da jitar ta shigo, wurin nan da yatsunsa ke gudu kamar ana zuba tsakuwa a kwano, sai ya dubi hannunsa da ke kwance a cinya, ya juya fuska bango. 'Yarsa ta kashe rediyon, ta gaya min cikin ladabi, amma da zafi, cewa a gida ma sun ɓoye jitar a saman kwaba saboda haka. Na ji kunya ƙwarai. Na sa shi ya saurari abin da ya rasa, a gaban mutane.

Kwana biyu bai zo ba. Da ya dawo, sai ya tambaye ni inda na samo kaset ɗin, maganarsa tana ɗan ja. Na gaya masa a hannun Anti na saya, na kwatanta masa akwatin lemon. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce ni ce gajerar nan da wani dogo ke gadi. Ka ga ashe ana ganinmu daga gaba. Ya ba ni labari Siriri ya rasu, Allah ya ji ƙansa, Anti tana koyarwa a wani gari mai nisa, mai ganga kuwa ba wanda ya san inda yake. Hira ta yi daɗi, amma da na miƙa masa ƙwallon sai ya kau da kai.

Wata ya kusa ƙarewa, jiya likita ya sake tuna min. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin nan ya ba mu Asabar ɗin da suka fi kowanne daɗi a rayuwarmu, ga shi ina da sana'ar da zan taimake shi, na rasa ta inda zan shiga.

Don Allah ka hanzarta. Yara sun ce ka taho musu da abin da ka yi alkawari.

Matarka mai kewarka,
Gajera

Baban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso, duk ta sha maiƙon inji. Na ji daɗi da ƙafar ta sauka. Mu nan kowa lafiya.

Allah ya yi maka albarka, ba don baitin kaɗai ba, har da abin da ka ƙara a ƙasa. Na manta sam cewa ba a tsayawa: in 'yan kallo suka kai ƙarshen baitin, komawa farko suke yi, su yi ta yi, sai Bahago ya ga dama ya buga jita ya dawo da ƙungiyar. Da na karanta na yi dariya ni kaɗai a kicin.

Ban sake taɓa kaset ba. Na koya wa mutanen ɗakin baitin a ɓoye: abokiyar aikina, da mai shara, da wani tsohon malami mai ciwon gwiwa, da matar da ke koyon tafiya da sanda. Malamin ya so ya gyara kalmomin, na hana shi. Ran Alhamis da safe, da aka ajiye Bahago gaban tebur, na fara buga ganga da biro a jikin gado, muka ɗauka:

"Mun kwashe kaya, mun share ɗaki,
mun bar ƙusa a bango,
mai shigowa ya rataye nasa."

Ya ɗago kai. Muka kai ƙarshe, muka koma farko. Muryoyinmu ba su da daɗi ko kaɗan, kowa da inda ya dosa, mai shara tana gaba malamin yana baya. Muka sake. Ina kallon fuskarsa tana ɗaurewa, ya gane abin da muke yi, ya kuma san ba za mu daina ba. Malamin ya fara tari, matar mai sanda tana hararata, 'yarsa ta rufe baki da mayafi. Na ce a raina in ya sake juya wa bango fuska na gama da shi.

Sai ya ɗaga hannun, na hagun. Da ƙyar, yana rawa, kafaɗa na taya shi. Ya saukar da yatsun a kan tebur, daidai wurin da jitar ke shigowa, ba gaba ba baya. Ƙarar ba ta fi ta ɗigon ruwa ba, amma duk muka yi tsit. Abin da ya fara faɗa shi ne a duk shekarun da ya yi yana kiɗa ba a taɓa wulaƙanta masa waƙa haka ba. Sannan ya ce in ba shi ƙwallon nan tawa. Na juya baya ina neman ta a aljihun tebur, alhali tana hannuna, don kada ya ga idona.

Likita ya gwada shi jiya, ya bar masa gurbinsa. Ba na yi maka alkawarin zai sake kaɗa jita, hanyar da sauran nisa, jiya maɓallin riga ɗaya ya gagare shi har ya yi tsaki.

Ka buɗe takardar da ke ciki a hankali. Da na gaya masa kai ka aiko baitin, ya nemi biro. 'Yarsa ta so ta rubuta masa, ya ƙi, na ce ya yi da dama, ya harare ni. Ya kwashe safiyar nan kaf a kanta, biron yana suɓucewa ina mayar masa. Haruffan sun karkace, amma za ka iya karantawa. Ya rubuta: "Dogo, na gode. Bahago."

Ka dawo mana lafiya.

Taka har kullum,
Gajera