An Wasa Wuƙarmu, Sambo

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, marigayi Malam Sambo,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ka cikin ni'ima a makwancinka. Idan ka tambayi lafiyata, ina nan da rai. Gwamnati ma ta duba ta tabbatar, a ranar da abin da zan gaya maka ya faru.

Na rubuto ne in sanar da kai abin da ya sami akwatinmu. Ka san wanda nake nufi, na ƙarfen nan da muka ƙarar da ƙuruciyarmu da rabin tsufanmu muna cika shi da tsofaffin wuƙaƙen aljihu, masu naɗewa.

Ka tuna yadda muka fara, muna sababbin malaman makaranta, kowa da kekensa, muna bin 'yan gwangwan da gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe. Tsararrakinmu suna tara filaye, mu muna tara tsatsa. Waɗanda muke yi wa jinga a aji muna ɗalibai su ne yau masu benaye. Kakan ce, "Ƙyale su, Ɗanladi, fili ai kowane jahili ma ya iya saye." Na biye maka. Ga ni nan a gidan gado a Ƙofar Kibo, zaure yana yoyo.

A cikinsu duka akwai guda da ta hana mu zaman lafiya, mai ƙotar ƙaho. A gindin ruwanta akwai tambarin maƙera, bai fi ƙwayar dawa ba, shekaru sun cinye rabinsa. Ni na ce kambin sarauta ne, saboda haka ƙirar Ingila ce. Kai ka ce bishiya ce, ƙirar Jamus. Mukan zauna a zaure daga la'asar har a kira magariba, gilashin ƙara girma yana yawo tsakanin hannuna da naka. Kakan ce, "Kai tun da ka karanta tarihin Turawa, ko kashin ƙuda ka gani a jikin ƙarfe sai ka ce kambi ne."

Da ciwo ya kwantar da kai, na zo duba ka a Gyallesu. Ka zaro ta daga ƙarƙashin matashi ka danƙa mini, ka ce, "Riƙe mini bishiyata." Ko a wannan halin ba ka bar ni na huta ba.

To, bana gaskiya ta kusa fitowa. Mijin 'yata Bilkisu ya yi sabuwar waya wadda ke ɗauko ko gashin ƙafar tururuwa. Ya ce akwai wasu mutane a intanet da ba su da aiki sai tantance irin waɗannan tambura, wato akwai irinmu a duniya, sai dai su zaurensu ba ya yoyo. Muka yi da shi bayan Babbar Sallah zai zo ya ɗauki hoto ya tura musu. Har na shirya kalaman da zan gaya maka in an ce kambi ne. Kalamai masu daɗi, Sambo. Da ka ji su da ka ji haushi.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah na tafi tantancewar 'yan fansho, na wuni a layi don in nuna wa wani yaron ofis cewa ban mutu ba. Ka san al'adar lungunmu a irin wannan lokaci: mai washi ya shigo da injinsa, kowane gida a fito da wuƙaƙen yanka da na fiɗa. Ka kuma san Hajiya Rabi, matata. Ta daɗe tana cewa, "Gida cike da wuƙaƙe amma kowace Sallah sai mun aika aro? Ni dai kunyar nan ta ishe ni." Ranar ta ga ba na nan, ta sa aka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado aka kai ƙofar gida. Dukansa.

Na dawo na tarar da bawan Allah yana kan ta ƙarshe, tartsatsi na tashi. A ƙasar nan na ga an ba da aikin titi ba a yi ba, na ga an ba da aikin rijiya an haƙa rabi. Mutum ɗaya tak da na taɓa gani ya yi aikinsa tsakani da Allah, a kan akwatinmu ya yi shi. Ya shimfiɗa su a tabarma suna ƙyalli kamar kayan lefe. Ya ɗago mai ƙotar ƙahon ya ce, "Baba, wannan ta ba ni wahala. Akwai wani ɗan tabo a gindinta, amma na fitar da shi tas."

Ban yi faɗa ba. Na ce masa Allah ya yi albarka. Me zan ce? Garin da ake sassaƙe ganuwarsa a yi bulo, wa zan yi wa bayanin darajar tsatsa?

Ranar Sallah wuƙaƙenmu suka zaga lungu, wannan gida fiɗa, wancan gyaran kayan ciki. Mutanen da suke kiranmu marasa aikin yi suna tare ni a hanyar masallaci: "Malam Ɗanladi, ashe kana da kaya haka ka ɓoye!" Tsawon shekarun nan, sai da aka kashe su aka yaba mana.

Mijin Bilkisu ya cika alkawari, ya ɗauki hoton ya tura. Amsa ɗaya aka maido, daga wani Bature: hoton fuska tana kuka.

Ban riƙe Hajiya a zuciya ba. Ta same ni a zaure, ta kawo mini gasasshiyar hanta ta ajiye, ta ce, "Malam, wallahi ban san tabon nan tambari ba ne." Ba ta sani ba ɗin. Abin da ba ta sani ba kuma shi ne, tun da ka tafi, duk la'asar nakan fito da wuƙar nan in buɗe ta, in ce kambi ne, in ji ka ce bishiya. Da wannan nake kaiwa magariba. Yanzu in na buɗe ta, fuskar wani tsoho kawai nake gani a jikin ƙarfen, shi kaɗai.

Sai dai na yi wani tunani jiya. Da hoton nan ya tafi da tambarinsa, da an yanke hukunci, ɗayanmu ya ci, maganar ta mutu. Da me zan zauna da kai bayan nan? Yanzu kuwa babu Bature, babu waya, babu masanin da zai shiga tsakaninmu. Shaidu biyu suka rage a kan tambarin nan, ɗaya a Ƙofar Kibo, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Dole a dakata da shari'ar sai an haɗa su.

Allah ya jiƙanka, Sambo, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, har da na bishiyar. Ya sa in tawa ta zo in cika da imani, ya haɗa mu a zauren da ba a kiran magariba a tashe mu.

Ka tanadi hujjarka. Kambi ne.

Naka har kullum,
Ɗanladi