Bello Ya Kama Hanyar Ikko

Jega, daren Laraba, watan Rajab

Shekarata saba'in da huɗu, talatin daga ciki a aji na yi su, saboda haka kada wanda ya kuskura ya ji tausayina.

Ashe raɗe-raɗin gaskiya ne! Tun da aka raba mu da Sakkwato ƙungiyar ƙwallon kwandon jiharmu ke shan kashi, domin gwanayen can suka zauna. Yau mai horar da ita ya zo har gida. Wata babbar ƙungiyar Ikko tana son jikana Bello da ke buga wa jiharmu, za ta bayar da matasa uku a madadinsa, da su za a sake gina tamu. Amma Bello ya rantse ba zai bar ni ni kaɗai ba.

Na kira shi. Ya ce, "Hajiya, in na tahi, wa ka kai ki asibiti?"

Na ce, "Kai mijin banza, kafin a haife ka wa ke kai ni? Ka manta gonar kakanka ta Aliero? Albasa ba ta yin kai inda aka yafa irinta, sai an cire an dasa."

Ya yi dariya, sannan ya share ido. Ni kuwa har yanzu murna nake yi. Jikana, ana kiran sunansa a rediyo! Gidan zai yi shiru, na sani.

Ban bar shi ya kwana yana sake shawara ba. A gabana ya sa hannu a takardar yarjejeniyar, da la'asar na raka shi tasha da ƙafata. Yanzu ƙila sun wuce Yawuri.